Romon tumatir mai madara

1. Garka da garke

Yara, akwai abubuwa biyu masu amfani ga jiki waɗanda kowa ya sani a ƙasar Adar: tumatir da madara. Tumatir daga garka yake fitowa, madara kuwa daga garke. Mu mutanen Afala muna tsakaninsu. Kudu da mu ga birnin Tawa da babbar kasuwarsa ta ran Lahadi, inda masu garka suke kawo kayan miya. Arewa da mu kuwa ga ƙasar Azawak, inda Fulani da Abzinawa suke kiwon shanu da awaki da raƙuma.

A darasinmu na yau za mu koyi haɗa waɗannan abubuwa biyu cikin tukunya ɗaya. Abin da za mu dafa shi ne romon tumatir mai madara. Romo ne ja, mai ɗan kauri, mai sulɓi, babu ɓawo babu ƴaƴa a cikinsa. Ya fi miyar tuwo ruwa, ana kuwa shansa da cokali ko da luddai kamar kunu. Rabin awa ya isa a gama shi. Yana da kyau ga kowa, amma ya fi amfani ga mutum uku: yaron da aka fara ba abinci, da mai jinya wanda bakinsa ba ya son tuwo, da tsoho wanda haƙoransa suka zube.

Sai dai akwai matsala biyu. Ta fari, tumatir da madara ba su yawaita lokaci ɗaya cikin shekara. Ta biyu, ba su shiri cikin tukunya: in an haɗa su da garaje, sai madara ta tsinke, romo ya ɓaci. Wanda ya san maganin waɗannan biyu ya gane darasin nan duka.

2. Daga ina tumatir ya zo?

Kakannin kakanninmu ba su san tumatir ba. Da kuka, da kuɓewa, da yakuwa, da daudawa suke miya. Tumatir baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa daga yammacin Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasashen Peru da Ekwado na yanzu. Can yake fitowa da kansa cikin daji, ƴaƴansa ƙanana kamar na magarya. Mutanen ƙasar Meksiko su ne suka mai da shi abin shuka. Daga wata kalmar harshensu, tomatl, sunansa ya fito. Shi ya sa sunan yake kusan ɗaya a harsuna da yawa. Mu ma waɗansunmu kan ce tumatir, waɗansu kan ce tumati.

A shekarar 1521 mutanen Ispaniya suka ci Meksiko da yaƙi. Daga baya suka kai irin tumatir Turai. A 1544 wani masanin tsirrai na ƙasar Italiya, mai suna Mattioli, ya rubuta bayaninsa. Da fari Turawa da yawa suna tsoron cinsa, suna zaton guba ne. Tsoron nan yana da dalili, domin tumatir dangin zaƙami ne da taba. Amma kuma dangin gauta ne, da tattasai, da tonka, da dankalin Turawa, waɗanda muke ci kullum.

Yau ana noman fiye da tan miliyan 180 na tumatir a duniya kowace shekara. Ƙasar Sin ita kaɗai tana noman wajen kashi ɗaya cikin uku. A Afirka, Masar ce kan gaba, maƙwabciyarmu Nijeriya tana biye.

3. Lokacin tumatir da lokacin madara

Tumatir yana son rana, amma ba ya son zafi mai tsanani. In zafi ya wuce digiri 35, furensa yakan zube, ba ya ƙulla ƴaƴa. A nan kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Da damana kuma cututtuka da ƙwari sukan dame shi. Saboda haka da kaka ake yafa irinsa, a dasa shi in sanyi ya shigo, a yi ta ban ruwa, a tsinke shi daga Janairu zuwa Maris.

Ruwan sama a yankin Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma cikin wata uku yake zuba. Garka sai inda ruwa yake kusa: a kwari, ko a bakin tabki, ko a gindin madatsar ruwa. Shi ya sa ake samun garka a kwarin Tadis kusa da Tawa, da bakin tabkin Tabalak, da kwarin Keita, da wajen Madawa, da Galmi mai albasa, da Birnin Ƙonni. Bayan babban farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta kira jama'a su kama noman rani. A shekarar nan ne kuma aka fara babban aikin gyaran ƙasa na Keita da taimakon Italiya. Tun daga lokacin noman kayan miya ya ƙaru a Adar.

In tumatir ya nuna, na kowa lokaci ɗaya yake nuna. Kasuwa ta cika, kuɗinsa ya faɗi. Ba ya kuwa jiran mai saye: cikin ƴan kwanaki ya yi laushi, ya fashe, ya ruɓe. Wahalar wata uku ta mai garka takan ƙare a juji. Bayan ƴan watanni kuma sai a neme shi a rasa, ko a same shi da tsada.

Madara fa? Ita da damana take yawaita. In ciyawa ta yi kore, tabkuna suka cika, shanu da awaki sukan ba da nono mai yawa. Saniyar Azawak tana cikin shanun da suka fi nono a ƙasashen Sahel, har akwai wurin kiwonta na gwamnati a Tukunus, kusa da Filinge. Jar akuyar Maraɗi ma an san ta da nono. Amma da rani, in haki ya bushe, nono yakan ragu ƙwarai.

Kun ga matsalar? Da sanyi ga tumatir arha, madara tana raguwa. Da damana ga madara, tumatir ya yi wuya. Za mu ga dabarar wannan a kashi na 8.

4. Me ke cikinsu?

In aka auna giram 100 na ɗanyen tumatir, wajen giram 94 ruwa ne. Ƙarfin da yake ba jiki kaɗan ne, kalori 18 kawai. Wanda ya cika cikinsa da tumatir, nan da nan zai ji yunwa. Amfaninsa yana wani wuri. Yana da bitamin C, mai kiyaye dasashi da fata, mai taimakon miki ya warke. Bitamin nan kuma yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin gero da wake, wanda jini yake bukata. Yana kuma da wani abu mai suna likofen. Shi ne yake ba shi jan launi.

Waɗannan biyu halinsu ba ɗaya ba ne. Bitamin C ba ya son wuta: in dahuwa ta daɗe, yakan lalace. Likofen kuwa, jiki ya fi ɗaukarsa in an dafa tumatir da ɗan mai. To, sai mu bi tsakiya. Mu sa mai, mu dafa, amma kada mu bar tukunya ta yini kan murhu.

Madara tana da abin da tumatir ya rasa. A giram 100 na madarar shanu akwai wajen giram 3 na furotin, watau abin da yake gina tsoka. Akwai mai wajen giram 4. Akwai kuma kalsiyam, mai ƙarfafa ƙashi da haƙori. Ƙarfinta ya ninka na tumatir fiye da sau uku.

Ashe kowane yana cika giɓin ɗan'uwansa. Tumatir yana kare jiki, madara tana gina shi, mai da gari suna ba shi ƙarfi. Ga iri uku na abinci cikin kwano ɗaya.

5. Don me madara take tsinkewa?

Mu yi gwaji. A zuba madara mai ɗumi cikin kofi. A matsa mata lemun tsami. Me kuka gani? Madara ta rabu biyu: ga gudaji-gudaji farare, ga ruwa tsararo. Shi ne muke cewa ta tsinke.

Ga dalili. Furotin na madara yana warwatse cikinta, ƙanana ƙanana, ido ba ya ganinsu. In tsami ya shiga, sai su manne da juna, su zama gudaji. Zafi kuma yana ƙara hanzarta abin. Haka ne ma madara take komawa nono cikin ƙwarya: waɗansu ƙananan halittu ne suke mai da zaƙinta tsami, sai ta daskare. Tumatir kuwa yana da tsami. In an zuba madara mai sanyi cikin tumatir yana tafasa, tsami da zafi suka haɗu a kanta, dole ta tsinke.

Romon da madararsa ta tsinke ba ya cutarwa, ana iya shansa. Amma ba shi da sulɓi, ba shi da kyaun gani, yaro da mai jinya sukan ture shi. Akwai dabara huɗu na hana wannan.

Ta fari, gari. In an sa ɗan garin gero ko na alkama cikin romo ya dahu, yakan shiga tsakanin furotin ɗin, ya hana su mannewa.

Ta biyu, kanwa. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin kanwa tana kashe tsami. Ku jefa ƴar kanwa cikin ruwan lemun tsami, za ku ga kumfa ta taso. Kumfan nan alama ce tsami da kanwa suna cinye juna. Amma kaɗan ake sawa. In ta yi yawa, romo ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya ɓaci, bitamin kuma ya lalace.

Ta uku, sauke tukunya. Ba a zuba madara romo yana tafasa, ba a kuma sake tafasa shi bayan an zuba.

Ta huɗu, sabo. Ba a jefa baƙo cikin taro gaba ɗaya. Ana ɗibar romo kaɗan kaɗan a zuba cikin madara, ana motsawa, har su saba da juna. Sa'an nan a juye duka cikin tukunya.

6. Kayan da za mu tanada

Wannan awo na mutum shida ne. Kowa zai sami kofi ɗaya na rubu'in lita.

- Tumatir nunanne, kilo 1, watau kamar guda 10 zuwa 12 matsakaita
- Albasa guda 2
- Tafarnuwa ƙwaya 2
- Man gujiya ko man shanu, babban cokali 2
- Garin gero mai laushi ko garin alkama, babban cokali 2
- Ruwa mai tsabta, rabin lita
- Madara, kofi 1 zuwa 2
- Gishiri mai iyod, ƙaramin cokali 1
- Kanwa, kamar ƙwayar dawa

Kayan aiki kuwa duka suna gida: tukunya da murfinta, wuƙa, luddai, maburgi, rariya mai tsabta, da kwano biyu. A birane waɗansu suna niƙa tumatir da injin lantarki. Mu maburgi da rariya sun ishe mu.

7. Yadda ake yi

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke tumatir da albasa da ruwa mai tsabta.

2. A fara da madara. A ɗora ta kan wuta cikin ƙaramar tukunya, ana motsawa, har ta tafasa ta taso. A sauke, a rufe, a ajiye gefe ta huce.

3. A yanka albasa ƙanana. A daka tafarnuwa. A yanka kowane tumatir gida huɗu, a cire wurin da ya manne da reshe.

4. A zuba mai cikin tukunya. In ya yi zafi, a zuba albasa, a yi ta juyawa kamar minti 5 har ta yi laushi. Kada a bari ta ƙone, domin ƙonanniyar albasa tana sa ɗaci. Albasar da ta soyu a hankali kuwa tana ba romo zaƙi, ba sai an sa sukari ba. A zuba tafarnuwa.

5. A zuba tumatir, a juya, a ƙara rabin ruwan, a rufe. A bar shi ya dahu minti 10. Rufe tukunya yana hanzarta dahuwa, yana kuma rage cin itace. Wanda yake da murhun ƙarfe irin na Mai Sauƙi ya fi samun sauƙin itace a kan mai duwatsu uku.

6. A dama gari da sauran ruwan, da sanyinsa, har babu gudaji. A zuba cikin tukunya ana motsawa. A jefa kanwa. A bar shi minti 5 garin ya dahu.

7. A sauke. A burga da maburgi har tumatir ya narke. A tace da rariya cikin kwano, ana dannawa da bayan luddai. Ɓawo da ƴaƴa za su tsaya a rariya, a ba kaji. A yi hankali da tururi. Ƙananan yara su matsa nesa.

8. A mai da tataccen romon cikin tukunya, ƙasa da murhu. A ɗebi luddai ɗaya a zuba cikin madara mai ɗumi, a motsa. A sake, a kuma sake, sau uku. Sa'an nan a juye madarar cikin tukunya a hankali, ana burgawa. Za ku ga jan romo ya koma launin ruwan goro.

9. A fara ɗibar rabon jariri. Daga baya a sa gishiri a na sauran. Manya masu son yaji su sa tonka ko garin tattasan Diffa a kwanonsu.

A sha da ɗuminsa. Duk aikin minti 30 ne.

8. In ɗaya ya yi wuya

Mu koma ga matsalarmu ta fari.

Da damana, ga madara amma babu ɗanyen tumatir. Maganin wannan tun da sanyi ake shirya shi. Lokacin da tumatir yake arha, a saya da yawa, a wanke, a yanka biyu, a shanya har ya bushe ƙayau. Shi ne kauɗa. Mutanen Adar sun iya wannan aiki, har ana kai kauɗarsu kasuwannin nesa. Sai an shanya fiye da kilo 10 na ɗanye kafin a sami kilo 1 na kauɗa, domin ruwa ne yake tafiya. Kada a shanya a ƙasa, inda yashi da kaji da awaki suke. A shimfiɗa tabarma mai tsabta bisa rumfa, a rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda. In ya bushe, a zuba a buhu ko tulu, a ajiye inda babu laima.

Domin romonmu, giram 80 na kauɗa ya tsaya a madadin kilo 1 na ɗanye. A wanke ta sau biyu yashi ya fita. A jiƙa ta cikin ruwan zafi minti 15, a daka a turmi, a dafa da ruwan jiƙon, a ƙara ruwa rabin lita. Kauɗa takan fi ɗanye tsami, don haka kada a manta da kanwa. Ta rasa bitamin C mai yawa a rana, amma jan launinta da amfaninsa suna nan.

Da rani kuwa, ga tumatir amma madarar shanu ta yi wuya. Madarar akuya tana yi, kofi ɗaya ya isa. Garin madara na kanti ma yana yi, in an dama shi da tafasasshen ruwa. Madarar gwangwani mai sukari ba ta dace ba. In duk babu, ga gujiya, wadda waɗansu kan ce gyaɗa. A soya ta, a murje, a niƙa ta yi laushi. A dama babban cokali 3 da ruwa, a zuba tare da gari, ta dahu cikin romo. Rubu'in gujiya furotin ne, kusan rabinta kuma mai ne. Tana ba romo kauri da maiƙo, ba ta kuwa tsinkewa kamar madara. Amma a tsince masu hunhuna da masu ɗaci a zubar, domin suna ɗauke da guba mai cutar hanta.

Nono fa? Shi ya riga ya yi tsami, ba a dafa shi. In da tafasasshiyar madara aka yi shi, ana iya zuba cokali ɗaya bisa romo cikin kwano.

9. Tsabta

Abinci mai kyau yana iya zama sanadin ciwo in babu tsabta. Rigakafi ya fi magani.

Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta daga dabba, ko da dabbar tana da kyaun gani. Akwai na tarin fuka. Akwai na wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, mai sa ciwon gaɓoɓi, wanda likitoci suke kira burusela. Akwai na zawo, daga hannun mai tatsa ko daga ƙwarya. Tafasawa tana kashe su. Shi ya sa muka fara da tafasa madara, tun da ba za ta sake tafasa cikin romo ba.

Tumatir ma sai an lura. Wanda ya ɗan yi laushi ko ya tsage yau, ana iya dafa shi yau. Amma wanda ya yi hunhuna, ko yana wari, ko tsutsa ta shige shi, a zubar da shi duka. Arha ba ta biyan kuɗin magani.

Akwai kuma maganin ƙwari. Wata ƴar tsutsa mai huda ganye da ƴaƴan tumatir ta fito daga Amurka ta Kudu. A 2006 aka gan ta a Ispaniya, daga nan ta bazu har ta iso Afirka ta Yamma. A 2016 ta cinye gonakin tumatir masu yawa a Kano da Katsina da Kaduna. Saboda ita da waɗansu ƙwari, masu garka suna fesa magani. Mai garka ya kamata ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani kafin ya tsinka. Mai dafuwa kuma ya wanke tumatir sosai.

Romo mai madara ba ya kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar dafaffen abinci a ajiye fiye da awa 2 ba bisa wuta ba, ba cikin firiji ba. A dafa daidai wanda za a shanye.

10. Wa zai sha?

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ba a ba shi romo, ba a ba shi ko ruwa. Daga wata 6 ana fara ba shi abinci mai laushi, yana kuma ci gaba da shan nono har shekara 2. Nasa romon a yi shi da kauri, wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, domin cikinsa ƙarami ne, romo mai ruwa-ruwa yana cika shi a banza. Ba a sa masa gishiri ko tonka.

Manya ma su rage gishiri. Giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya, shi ne iyakar babban mutum cikin dukan abincinsa. Dunƙulen miya na kanti yawancinsa gishiri ne. Albasa da tafarnuwa da ɗan gabu sun isa su ba romonmu daɗi.

Romon nan shi kaɗai ba ya riƙe cikin mai noma. A haɗa shi da tuwo, ko masa, ko burodi, ko dafaffen wake. Ba kuma magani ba ne. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya ƙi cin kome, a kai shi gidan likita ran nan, kada a jira.

Mu riƙe

Tumatir yana kare jiki, madara tana gina shi. Tsami da zafi su ne suke tsinka madara. Gari, ƴar kanwa, sauke tukunya da zuba kaɗan kaɗan suna hana ta tsinkewa. Da damana kauɗa tana maye ɗanyen tumatir, da rani gujiya tana maye madara. Kullum a tafasa madara tukuna.

Ma'anar kalmomi

Garka: wurin da ake noman kayan miya da ban ruwa, watau lambu.
Kauɗa: busasshen tumatir.
Gabu: ganyen albasa da aka daka aka shanya.
Maburgi: sanda mai ƴan rassa a baki, wadda ake juya miya da ita.
Kalori: awon ƙarfin da abinci yake ba jiki.

Tambayoyi

1. Daga wace nahiya tumatir ya fito? Faɗi danginsa guda uku.
2. Don me ba a samun tumatir da yawa cikin Mayu?
3. Faɗi wurare huɗu na jihar Tawa inda ake noman rani.
4. Me yake faruwa in an zuba madara cikin tumatir yana tafasa?
5. Mene ne amfanin kanwa, mece ce kuma illarta?
6. Don me ake ɗibar rabon jariri kafin a sa gishiri?

Lissafi

1. Kilo 1 na tumatir ya ishi mutum 6. Kilo nawa za a saya domin aji mai yara 42?
2. In kilo 12 na ɗanye yana ba da kilo 1 na kauɗa, kilo nawa na kauɗa za a samu daga kilo 60?
3. A ce kilon tumatir dala 30 ne cikin Fabrairu, dala 150 cikin Agusta. Sau nawa kuɗinsa ya ninka?

Aiki

Ku kasu ƙungiya uku. Ƙungiya ta fari ta yi gwajin madara da lemun tsami, da na kanwa, ta rubuta abin da ta gani. Ta biyu ta tambayi iyaye mata yadda suke kashe tsamin miya, da yadda suke ajiye kauɗa. Ta uku ta auna kilo 1 na tumatir, ta yanka, ta shanya bisa rumfa, ta riƙa auna shi kowace safiya har nauyinsa ya daina raguwa. Ran da za a dafa romo a makaranta, kowane yaro ya zo da kofinsa wankakke.